Haruffan da Kika Ɗinka a Cikin Rigata

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da na samu rana tsaka, malamata kuma telar da allurarta ba ta kuskure,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta girmamawa, ina sanar da ke cewa wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta, da haruffan da kika koya mini, ban nemi taimakon kowa ba. Ni da bara ko sunana sai an rubuta mini, yau ga ni ina jera kalmomi kamar yadda nake jera zare a kan injin saƙa!

Jiya babban injiniyan masaƙarmu, Ba'indiye, ya gwada ni da harshensu na Hindi, na amsa masa, ya miƙe ya ba ni hannu a gaban ma'aikata duka. Ni aka zaɓa in je ƙasarsu koyon sababbin injuna, shekara guda cur. An ce ƙwaƙwalwata ce, ban kuwa musa ba, domin Allah ya hore mini ita. Amma wace gona ce ta taɓa yin tsiro babu ruwa? Ke ce ruwan, ya ke damina mai albarka!

Kin tuna ranar da na shigo shagonki da ɗan littafin da injiniya ya ba ni, na riƙe shi a juye? Kika yi dariya har allura ta faɗo daga bakinki, kika ce ai shugaban masu inji guda ya kamata ya san sama da ƙasa. Ashe harshen yana bakinki tun ƙuruciya, a gidan wani likita ɗan ƙasarsu da mahaifiyarki ta yi wa rainon yara. Kika shimfiɗa ƙyallen baƙin yadi a kan teburin yanka, kika ja layi da allin ɗinki, kika nuna mini yadda haruffansu ke rataye a jikinsa kamar shanya a igiya. Kika koya mini cewa a harshensu aikatau, wato kalmar aiki, a ƙarshen zance yake zuwa, sai mai sauraro ya yi haƙuri. Cewa yadda ake kiran yaro daban, na aboki daban, na babba daban. Sau nawa na mayar da namiji mace? Yayarki tana ɗinka maɓalli tana cewa ko akuya aka zaunar da tuni ta haddace, ke kuwa ba ki taɓa ɗaga mini murya ba.

Yau da safe yayar taki ta kawo mini rigar sanyin da kika ɗinka domin tafiyar. Na juya cikinta, sai ga ƙyallayen nan baƙaƙe an haɗa su, ga haruffana na farko, karkatattu, kin bi kowanne da farin zare. Yaushe kika auna kafaɗuna, in ba lokacin da nake sunkuye ina fama da alli ba? Wayyo, furen asuba! Ashe tun farko kin san kowane harafi nesanta ni yake yi da ke, amma kika danne zuciyarki kika ci gaba da koya mini. Wane kogi ne ya kai wannan zurfi? Da wane baki zan gode miki?

Saboda haka na yanke shawara. Na shaida wa injiniya cewa ba zan taka jirgi ba sai kawuna ya zauna gaban mahaifinki ya nema mini aurenki. Ya ce wurin ba zai jira ni ba, akwai wani a bayana. Na ce in ya matsu ya ba shi. Kawu ya riga ya goge takalmansa, izininki kaɗai yake jira.

Ki tausaya, tauraruwata, ki amsa da wuri. Babu injin da ya taɓa lalacewa a hannuna na kasa tayar da shi, amma in kika ce a'a, abin da zai tsaya a ƙirjina ban san gyaransa ba.

Naki ne ni, ko ina kusa ko ina bayan teku, har ranar da numfashi zai ƙare,

Ɗalibinki, shugaban masu kula da injin saƙa.