Yatsana Ba Na Usaini Ba Ne

Zuwa ga Inna, a Gwashi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Gambo da ɗiyan marigayi Usaini.

Na iso Ikko lafiya, kada ki damu. Sai dai dabarar da muka yi, ta in ɗauki katin aikin Usaini in shiga gurbinsa a masana'anta tunda mu tagwaye ne, ba ta yi ba. Maigadi na ganina ya ce, "Usaini, ka dawo?" Amma a bakin ƙofa akwai 'yar na'ura mai gilashi, kowa sai ya ɗora babban yatsa haske ya karanta zanensa. Na ɗora, ta nuna ja. Na goge da riga na sake ɗorawa, ja.

Na'urar nan ta gane ni ba Usaini ba ne, Inna. Ke da kika haife mu, sai kin duba tabon goshina kike bambance mu.

Ba su doke ni ba, kora kawai suka yi. A masallaci nake kwana, kuma da sauƙi. Ki sa mini albarka in samu dako.

Da hannuna na sa Usaini a kabari, amma sai a ƙofar nan na yarda ya tafi.

Ɗanki,
Hassan