Baba da Injin Burodi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba mai riƙe ta.

Labarin Baba ne ya sa na ɗauki biro. Ka san tun da ya ajiye tuƙi, likita kuma ya ce sugansa ya hau ya hana shi burodin kanti, sai ya zama wani iri. Mutumin da shekara da shekaru ba ya karyawa sai da shayi da burodi, ya koma zaman baranda yana kallon titi, abinci sai da lallashi. Ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Rannan a asibiti wata nas ta ce akwai injin yin burodi a gida, mutum ya zuba garin alkama, ya rage suga yadda likita ya ce. Ni na ɗauka maganar ta bi iska, ashe ya riƙe ta. Washegari ya sa hula ya ce in raka shi kantin kayan wuta.

Yaya, da ka ga mahaifinka ranar, da ka ji daɗi. Mai kanti ya fara nuna masa wani ƙato mai ƙyalli, madannai birjik. Baba ya zagaya shi kamar yadda yake duba mota kafin doguwar tafiya, ya ce ba zai sayi abin da kullum sai ya kira ni na karanta masa ba. Ya tambaya ko injin zai ci gaba idan an ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kuma ko ana samun ƙarfen kwaɓin da ke gindin kwanon idan ya lalace. Mutumin ya gaya masa gaskiya cewa ƙaton ba zai yi masa ba, ya sauko da wani ƙarami fari, rubutunsa manya, da gilashi a murfi. Baba ya cire kwanon ya mayar, ya ce wannan ya ishi tsofaffi biyu da autarsu. Da kansa ya rungumo shi zuwa mota.

Burodin farko ya fito kamar bulo. Umma ta ƙwanƙwasa shi ta ce a ajiye mata don tokare ƙofa, Baba ya yi dariya har da hawaye. Daga baya ya gano yis ɗin da ke sa kwaɓi ya tashi ne ya tsufa. Gemu ba ya hana ilimi. Yanzu shi ke auna gari da ruwa, ya ja kujera cikin kicin, ya sa tabarau yana leƙen kwaɓin ta gilashi har ya tashi. Komawarmu asibiti likita ya ce sugan ya sauka, ya ci gaba da maganinsa da abin da yake yi. Tela maƙwabcinmu, mai irin ciwonsa, yanzu a gidanmu yake karyawa. Jiya Umma ta ja ni gefe ta ce duk zamansu ba ta taɓa cin abin da ya fito daga hannun Baba ba sai bana, kuma yankan farko kullum nata ne, da ɗuminsa.

Ka gaida Anti, da yara, Dogo da 'yar lelen Baba. Goggo da Kawu suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta