Igiyar da Na Ɗaure

Unguwar Brik, Yawunde

Zuwa ga Yaya Isiyaku,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana raye ma, cewa za ka yi in ajiye biro in zo shago mu yi magana baki da baki. To shagon a rufe yake, ni kuma wata goma ke nan da magana a bakina.

Gida lafiya. Anti Balki ta fita takaba, ta koma sayar da atamfa a kasuwar Mokolo. 'Yarka Nafisa ta ci jarrabawa, ranar da sakamako ya fito ta shige ɗakinka ta rufe ƙofa. Iya Dudu, tsohuwar da ka sauko da ita daga saman kwano, tana nan da ranta. Duk Juma'a sai ta aiko da ƙosai gidanka.

Kwalekwalenka na ceto yana bayan shago, a kife bisa tayoyi. Malam Buba, abokin tuƙinka, ya toshe tsagar da kwalta. Satumba ta kusa, kwarin unguwa zai sake cika da ruwa, shi ya sa mutanenmu suka zauna shekaranjiya. Ni suke so in gaje ka a kan jirgin. Wai babu wanda ya san dokokinka kamar ni.

Ba su yi ƙarya ba. Ni na rubuta su, kana faɗa kana ɗinki, yadda ka koyo a bakin Binuwai shekarun da ka yi a Garwa. Mutum shida ke ɗora jirgi bisa kurar pus-pus, su tura shi zuwa inda kwalta ta ƙare. Ba a sa shi ruwa a karkace. Idan an dawo, a jawo shi bisa katako, a kife, a duba cikinsa kafin kowa ya tafi gida. Igiyar da ke gindin jirgi kuwa, zagaye ɗaya ake mata a jikin falwaya, a riƙe da hannu, ana saki ana ja. Ba a ɗaure ta. Ka ce idan ruwa ya fizgi jirgi igiya ba ta ba shi hanya ba, gindinsa ne zai nutse. Har layi na ja a ƙarƙashin wannan.

Yaya, ranar na ɗaure ta.

Da hantsi ne, ka tuna. Mu uku ne a kan igiya. Da kuka kawo mutanen farko, biyun suka tafi kai su tudu, aka bar ni ni kaɗai. Kuka koma ɗauko Iya Dudu. Ruwan rafi ya ƙaru, igiya ta fara zamewa, fatar tafina ta saɓule. Na ji tsoron ta kuɓuce mini ku tafi gaba ɗaya. Ban kira kowa ba, don kunya. Na yi ƙulli biyu a jikin falwayar, na ce in huta kaɗan.

Ina kallo igiyar ta miƙe kamar sanda. Gindin jirgin ya duƙa, ruwa ya shiga. Ka tura tsohuwar hannun Malam Buba, ya kama tagar wani gida. Kai kuwa sai washegari aka same ka, bayan kwalbati.

Kafin mutane su iso na kwance ƙullin da haƙori. Wannan ya fi damuna. Ɗaurewar tsoro ne, kwancewar fa? Ka ji lokacin da jirgin ya ƙage? Ka waiwayo? Na sha tambayar kaina ko ka gane abin da ya faru, don mai tuƙi irinka ba ya rasa ganewa.

A wajen zaman makoki kowa yaba ni yake. Suna nuna hannuwana a naɗe da bandeji, suna cewa na riƙe har nama ya fita. Anti Balki da kanta take wanke mini ciwon. Na bar ta tana wankewa.

Tun daga nan na karanta abubuwa da yawa a kan masu aikin ceto na sa kai a bakin teku, can ƙasashen da ake tura jirgi ruwa da tarakta. Hujja nake nema, wadda za ta ce ko ban ɗaure ba jirgin zai kife. Ban samu ba.

Ranar Asabar bayan la'asar suke jiran amsata. Ba zan karɓi jirginka da wannan a cikina ba, kuma ba zan ƙi karɓa sannan in yi shiru ba, kada wani ya tsaya shi kaɗai kan igiya ya yi abin da na yi. Zan faɗa musu a zaure, gaban kowa. Amma gobe zan fara zuwa wajen Anti Balki, don kada ta ji a bakin kasuwa. Ban san ko za ta sake barina in taka gidan ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Ba na roƙon ka ce ba kome. A kan aikin ruwa ba ka taɓa ce wa kowa haka ba.

Ƙaninka,
Nura