Katin Asibitin da ke Ɗauke da Sunana

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar nan taki? Kina shafa maganin kuwa, ko kin cusa shi bayan kwaba kamar yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yaya, takarda na zaɓa don maganar ba ta waya ba ce. Bangon ɗakinmu ko tari ka yi maƙwabta sun ce maka sannu.

Kin ji jawabin Gwamna na ranar Talata? Ina guga na ji shi a rediyo. Wai ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini, ba abin kunya ba ne, kuma daga wata mai zuwa maganinsa kyauta ne. Wai ya hana kemis sayar da shi sai da takardar likita, saboda 'yan shaye-shaye. Kowane mara lafiya kuma sai an yi masa rajista a kwamfuta da hotonsa, likita ya gan shi ido da ido. Sannan ya rantse ba ma'aikacin da za a kora don sunansa ya shiga rajistar. Saura kaɗan in ƙona rigar Baban yara.

Rantsuwar nan ce ta tsaya mini a rai. Wa ya tambaye shi zancen kora? Mutum bai ɗaga masa murya ba, shi da kansa ya hau rantse-rantse. Ni dai ban yarda ba.

Ke kaɗai kika san yadda muka yi shekara shida da suka wuce, lokacin da Baban yara ya daina barci, ya koma zama yana amsa wa mutanen da ba mu gani. Tsohon likitan nan, abokin marigayi Babanmu, shi ya zo gida ya duba shi. Da ya ji direban motar ma'aikatan gwamnati ne, sai ya ce in ana son aikin ya tsira a buɗe katin da sunana. Tun ranar ni ce mara lafiyar a takarda. Duk wata in je tagar magani in miƙa kati, mai tabarau ɗin nan ya miƙo mini ƙwayoyi ko kallona bai yi ba, in kawo wa mai su. Shekara shida mutumin nan yana kai mutum talatin aiki yana dawo da su, ko madubin mota bai taɓa karcewa ba.

Yanzu tsohon likita ya rasu, an kuma ce sai an ga mai katin. To ga mai katin nan, lafiyarta ƙalau kamar doki. Ki taya ni addu'a, kada ki faɗa wa kowa, har maigidanki.

Ki gaida yara.
Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Na samu amsarki, na gode. Ina fata jikin da sauƙi. Kin ce in daina mugun zato, Gwamna alheri yake nufi. To ki saurari alherin.

Na je asibiti ranar wata Litinin, mako biyu da suka wuce. An shafe sashen da sabon fenti, har yana kama mayafi, an kafa hoton Gwamna yana murmushi daidai kan bencin da muke jira. Aka ɗauki hotona. Sai aka shigar da ni wurin wata likita, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar babbar 'yarki ba, mai sanyin murya. Irin sanyin nan ne ba na so, don da shi ake zare wa mutum magana daga ciki.

Ta riƙe ni kusan awa guda. Ina barci? Ina jin muryoyi? Wane wata muke ciki? Ni kuma da bakin nan nawa da kika sani, maimakon in yi shiru sai na zage ina ba ta amsa dalla-dalla, har da gyara mata lissafin shekarun yarana. Ta rufe fayil tana fara'a, ta ce ta taya ni murna, na samu lafiya. Ta ce sabon tsari bai yarda a bar mutum kan ƙwaya shekara da shekaru ba a duba shi ba, don haka za ta rage mini zuwa rabi, in an ga yadda na yi kuma a tsayar gaba ɗaya.

Yaya, kin ji alherin. Na warke daga ciwon da ban taɓa yi ba! A taga mai tabarau ya ɗago ya kalle ni, karo na farko a shekara shida, ya ce sannu da samun sauƙi. Me yake nufi da wannan sannun? Ina jin ya sani. Ina jin ita ma likitar ta sani, tarko suka ɗana mini.

Na zagaya kemis huɗu, kowa ya ce ba takarda ba magani. Mako biyu ke nan Baban yara yana kan rabi, na ce masa sabon samfuri ne mai ƙarfi. Jiya muna karin kumallo ya tsaya da kofi a hannu, ya karkata kai wajen ƙofa yana saurare. Ba kowa a ƙofar. Tsoro nake ji ƙwarai, ga mutum talatin a bayansa kowace safiya.

Na yanke shawara. Ranar komawa zan nuna wa likitar ciwon ya dawo. Na ga yadda yake, zan iya yi.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. 

Ranar Laraba da hantsi, yara na makaranta, na tsaya gaban madubin ɗaki ina gwadawa. Na zame ɗankwali, na karkata kai kamar yadda Baban yara yake yi, ina amsa wa bango, ina 'yar dariyar nan tasa ta wancan lokacin. Ashe an kai mota gareji, an sallame shi da wuri. Ban san tsawon lokacin da ya yi a bakin ƙofa ba. A madubi na gan shi.

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a bakin gado, ya tambaye ni ko haka yake zama. Shi bai taɓa ganin kansa ba. Na durƙusa na faɗa masa komai, har zancen rabin ƙwaya. Sai ya miƙo hannu in ba shi katin.

Washegari ya sa kayansa masu kyau ya tafi asibiti, na bi shi ina roƙo har bakin titi. Ya ce shekara shida na ɗaukar masa ciwon a takarda, ba zai bari in ɗauka a jiki ba. Ya ce kuma ba zai tuƙa 'ya'yan mutane da rabin magani ba.

Da ya ƙi juyowa, na bi shi har ɗakin likita. Likitar ashe ba ta san komai ba, don har ta dafe kai. Ta wanke ni tas, ta ce na kusa jawo abin da ba a fata, ban musa ba. Ta duba shi, ta mayar masa da cikakken magani, ta ce sirrin mara lafiya ba ya fita daga ɗakinta, doka ce Gwamna ya sa wa hannu. Ita na yarda da ita yanzu. Amma a fom ɗin rajista akwai layin da aka ce a rubuta wurin aiki. Yaya, me ya haɗa ƙwaya da wurin aiki? Na taka masa ƙafa, ya janye ƙafarsa ya rubuta.

Yana barci yanzu lafiya lau. Ni ce na koma ba na yi.

Taki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na ji za ku zo ƙarshen wata, Allah ya kawo ku lafiya.

Ba a kore shi ba. Ki faɗa wa maigidanki, tunda na san kin gaya masa, cewa gwamnanku bai yi ƙarya ba. Albashi ya shigo cif, ko kwabo ba a taɓa ba.

Mako uku bayan rajistar shugaban direbobi ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, har da ruwan sanyi. Ya ce an ga ya daɗe yana wahala, za a hutar da shi, ya ajiye makulli a kan tebur. Baban yara ya tambayi laifinsa, aka ce ba laifi, umarni ne daga sama. Ba takarda, ba sa hannun kowa. Na koma wurin likita, ta rantse ba daga gare ta ba ne, har idonta ya kawo ruwa, ta ce za ta rubuta cewa yana iya tuƙi. Ta rubuta. An karɓa an ce an gode. Na yi zargin mai tabarau, na yi zargin mai kwamfuta, har ke na yi zargi kwana guda, ki yafe mini. Ba wanda zan kama.

Yanzu an ajiye masa benci a gefen gareji. Kullum yana tashi da asuba ya sha maganinsa, ya sa kaki, ya riga kowa zuwa. Shekaranjiya na kai masa abinci, na tarar ya ɗauki tsumma yana goge gilashin motar kafin sabon direba ya iso. Da ma'aikata suka fara shiga, waɗanda a da suke tsokanarsa suna kiransa da sunan wasa, sai kowa ya gaishe shi a hankali, da ladabi, daga nesa. Ya ja da baya, ya ɗaga musu hannu har suka fita daga get.

Abu ɗaya nake roƙo. In kun zo zai fito tarbarku, zai kuma kalli motarku. Ki ce wa maigidanki ya miƙa masa makulli, ya ce ya gaji, ya kai ku kasuwa. Ki shiga da yaran duka, Yaya, kada ki bar ko ɗaya a gida.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta