Noti Huɗu a Ƙashin Bayana

Angona kafinta,

Canki wannan: wane kafinta ne ke ɗaure noti idonsa na wani wuri?

Ina gaisuwa. Ya uwarka? Ya kujerata da ka gyara ta koma gurguwa?

Ni lafiya lau a ƙasar mutane, sai dai zama ya gagara, ina ta zarya tsakanin gado da taga. Gobe za a sa min noti huɗu a ƙashin baya. Wai in ɗaya ya goce ya taɓa laka, ƙafafu sun tafi. Ka ga dalilin da ban ba ka aikin ba! Ka dai sa ni a addu'a.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka

Af, amsar: likitana ne. Allon kwamfuta yake kallo, ita ke nuna masa inda notin zai bi.