Salak a Filin Kwabo Biyu

Cobar, 14 ga Afrilu

Yaya Glenys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta shiri da sanyi. Ya maigidanki Ron da jikoki? Mu nan mun gode Allah, kaka ta shigo, zafi ya sake mu.

Kin tambayi jikin maigidana Merv. Da sauƙi, ɗinkin ƙirjin ya warke, bakin ne dai yana nan yadda kika san shi. Tun da aka yi masa aikin zuciya a Sydney likita ya raba shi da kitse da giya. 'Yarmu Kerryn kuma ta aiko da wani hatsi wai shi kinwa, ta koya mini salak ɗinsa. In dafa ya huce, in yanka kokwamba da tumatir, in zuba gasasshiyar kabewa da man zaitun da lemon tsami. Ni kam yana yi mini daɗi. Shi kuwa kullum sai ya leƙa kwanon ya ce, "Noelene, kanarin wa ya mutu muka gaji abincinsa?" Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin haƙar tagulla yana cin haƙarƙarin rago, ai dole.

Ranar Anzak ta tunawa da sojojinmu, 25 ga wata, ce ke damuna. Kin san duk shekara shi ke buɗe wasan kwabo biyu a kulob ɗin 'yan mazan jiya, cacar nan da ake wurga kwabbai biyu sama a ga ko fuska za su nuna ko baya, da ɗan katakon jifa da babansa ya dawo da shi daga yaƙi. Abokansa ba su san an yi masa aiki ba. Ya ce musu hutu muka je wurin Kerryn, ni kuma ya sa na yi alkawarin kama bakina. To har yanzu hannun ba ya ɗaguwa sosai, ga doka: in kwabban ba su wuce kan mai jifa suna juyi ba, alƙalin fili zai soke jifar. Jiya na hango shi ta tagar kicin yana gwadawa wajen igiyar shanya. Na yi kamar ban gani ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Noelene


Cobar, 27 ga Afrilu

Yaya Glenys,

Ina fata kina lafiya, Ron kuma ya rabu da murar da kika ce yana fama da ita. Ni lafiyar jiki kawai gare ni. Na yi ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Ranar Anzak mun je taron addu'ar tunawa da asuba, Merv ya maƙala lambobin yabon babansa a ƙirji, ya yi kyau abinsa. Da rana ya wuce kulob, ya bar robar salak ɗin a kan tebur da gangan. Na tsaya ina kallonta ina tuna naman da ake gasawa a can. Tsoro ne ya kama ni, Glenys, ba wani abu ba. Na ɗauka na bi shi.

Na tarar an zagaye fili, masu cewa fuska sun dafa kuɗinsu a ka suna neman masu cewa baya. Clarrie Dunstan, aminin Merv tun suna 'yan makaranta, shi ne alƙalin fili, kuma shi ya fara ganina. Ya ce, "Jama'a, ga tsabar Merv ta iso. Tsoho, ƙwai za ka fara saka mana?" Aka kwashe da dariya har da Merv, ya ce ai kiwonsa nake yi zan kai shi gasar tsuntsaye. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma na ga wani yana miƙa masa kofin giya, sai bakina ya suɓuce. Na ce, "Ku yi ta dariya. Ba ku kuka zauna a ƙofar ɗakin tiyata ana tsaga masa ƙirji ba."

Merv ko kallona bai yi ba.

Clarrie ya kira mai jifa. Merv ya shiga, ya jera kwabban a kan katakon, ya wurga. Ni da ban ƙware a wasan ba na ga ko kunnensa ba su wuce ba, ɗaya ma bai juya ba. Clarrie ɗin nan da ya taɓa soke jifar ɗan cikinsa a gaban budurwarsa, sai ya sunkuya ya ce, "Fuska biyu." Aka yi tafi, irin wanda ake yi wa yaro ya fara tafiya. Ko waɗanda aka cinye ba wanda ya yi gardama.

Merv ya ce, "Clarrie, yaushe ka makance? Jifar nan ba ta yi ba." Clarrie ya ce shi dai a idonsa ta yi. Merv ya ce, "To ni na soke ta." Ya damƙa masa katakon ya fita, na biyo shi da robata a hannu.

A mota magana ɗaya ya yi. Ya ce da sun soke jifar sun yi masa ihu cewa hannun tsoho ya mutu, da ya sake jefawa, ko sau goma ne, ya dawo gida yana zaginsu da jin daɗi. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Wallahi da ma faɗa ya yi mini.

Taki cikin damuwa,
Noelene


Cobar, 9 ga Yuni

Yaya Glenys,

Na gode da amsarki, kuma na ji daɗi gwiwar ta lafa. Ki gaida Ron.

Kin ce Merv zai huce. Ai ba fushi yake ba, shi ne abin. Likita ya yaba, jininsa ya sauka, yana tafiyarsa ta safe. Amma ya daina bi ta gaban kulob, don yanzu duk wanda ya gamu da shi sai ya sassauta murya ya ce ya jiki, wasu har buɗe masa ƙofa suke yi. Clarrie ya kawo katakon har gida, Merv ya ce a rataye shi a bangon kulob kusa da hotunan waɗanda suka rasu. Wajen igiyar shanya kuwa ni kaɗai ke zuwa.

Ranar Lahadi na ce likita ya yi haƙuri, na gasa masa haƙarƙarin rago da kitsensa, na ajiye a gabansa. Na tsaya da tsumma a hannu ina jiran ya tsokane ni. Ya dube shi, ya ture farantin a hankali, ya ce, "Na gode, Noelene. Miƙo mini salak ɗin." Ya cinye tas, ya wanke kwanonsa da kansa. Ko kanari bai ambata ba.

Don Allah ki zo, ko na mako guda ne. Ke kaɗai kike iya sa shi musu.

Ƙanwarki,
Noelene