Filin Wadari

Litinin, 4 ga Nuwamba

Sun kafa allo a bakin filin wadari. Hoton bene hawa huɗu, gida goma sha shida, har da wasu itatuwa da ban taɓa ganin irinsu a garinmu Iseyin ba. Aikin Gbolahan ne, ɗan marigayi Baale mai unguwarmu, wanda ya tafi Legas da ɗan akwati ya dawo da tumbi. Wai filin na ubansa ne. To, ba wanda ya musa. Amma mu goma sha ɗaya ne muke saƙa a rumfar nan, kuma zaren kowa sai ya yi taku arba'in cikin filin kafin ya kai dutsen da ke jan sa. In babu filin, a ina zan miƙe zare? A kan gadona?

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Taro a gidan Baale. Mata na ta maganar rijiya, da tagogin sama da za su riƙa leƙa musu banɗaki. Gbolahan ya kwanta rub-da-ciki ya gaida Baba Ajadi, tsohon da ya koya wa rabinmu saƙa, ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Baba, gari ne ke girma. Malaman makaranta ma ba su da wurin kwana." Baba ya ce, "Kai yaro, hular da ke kanka a hawa na nawa aka saƙa ta?" Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na kalli idon Gbolahan, ko gezau.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Matata Silifatu ta ce, "Baban Risi, amala kake ci ko fushi?" Na ture kwanon.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Lamidi, wanda kujerarsa ke kusa da tawa shekara talatin, ya kawo wani lauya daga Oyo. Magana ɗaya ya yi ta nanatawa: kada mu bar filin ko na yini guda. Muddin zarenmu na shimfiɗe, ba mai kafa shinge sai ya taka kayan mutane, shi kuma ƙarshen wata zai kai takarda kotu. Har wanda ba shi da aiki ya je ya tono tsohon zare ya miƙe. Yau na ɗan ji dama-dama.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Baba Ajadi ya rasu da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

In babban masaƙi ya rasu, kowa naɗe zarensa yake yi, ba a sake miƙewa sai bayan addu'ar kwana takwas. Haka muka tarar. Lamidi ya ce, "Yaya Mukaila, ka manta abin da lauya ya ce? Mu bar ko zare biyu mana." Na taso masa a gaban mutane. Na ce, "Mutumin da ya kama hannunka ya ɗora a ƙoshiyar saƙa, kwana takwas ne ya yi maka yawa? Kai dai ba ka da kunya!" Na ce Gbolahan ɗan gidan nan ne, ya san al'ada, ba zai taɓa fili ana zaman makoki ba. Ga shi ma har rago ya aiko da buhun shinkafa.

Ni na fara naɗe nawa. Sauran suka bi.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Bari dai in rubuta.

An yi addu'ar a gidan su Baba, can bayan kasuwa. Duk unguwa tana can tun safe. Gbolahan na sahun gaba, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Aka ci, aka sha. Da la'asar na saɓo zarena na nufi rumfa, sai ga shingen kwano ya zagaye filin kaf, sabo fil, yana ɗaukar ido. Tsakanin kujerata da shingen taku uku.

Lamidi ya zo ya tsaya kusa da ni. Da ma ya zage ni. Amma sai ya juya ya tafi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Lauya ya ce yanzu sai dai doguwar shari'a, shekara uku ko biyar. Shekarata sittin da ɗaya.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na gwada miƙe zare a bakin titi. Kafin azahar babur ya bi ta kan zaren ya tsinka kusan rabi, mai babur ɗin har da zagina. Na zauna ina ƙullawa ɗaya-ɗaya, mutane na wucewa suna "sannu Baba", kamar wanda aka yi wa mutuwa. Biyu daga cikinmu sun koma Oyo wurin dangi. Ɗaya ya jingine kayan saƙarsa a bayan ɗaki, kaji na kwana a kai. A masallaci ba wanda ya ce ni na jawo. Matsa mini kawai suke yi in zauna, da ladabi. Wannan ladabin ya fi duka ciwo.

Sun fara haƙa. Ƙasa har cikin tulun ruwanmu.

Asabar, 14 ga Disamba

Baranda ta cikin gidanmu taku goma ce. Na auna sau uku, ba ta ƙaru ba. Baba ya sha faɗa mana ba a sa almakashi a wadari sai saƙa ta ƙare, kuma tunda nake ban taɓa sawa ba. Yau na ari na Silifatu. Ta riƙe mini bakin zaren, ta kau da kai.

Saƙar na fitowa gajeru-gajeru, sai an yi ta haɗi. Amma tana fitowa.

Lamidi ya leƙo, karo na farko tun ranar nan, wai ana taro kan maganar kotu. Ya kalli zaren, ya kalle ni. Na ce ya yi gaba, ina nan tafe. Ban je ba. Ba wai na haƙura ba ne, hasken barandar ne ba ya daɗewa.

Gobe zan yanke sauran.